Yadda Jarumi da Mugu Ke Shiga Ran Mai Kallo: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Shirin Daredevil

Wannan shafi na masu bibiyar finafinai masu dogon zango na jarumai masu baiwa ne, da kuma masu sha'awar rubuta irinsu. Yawancin misalan daga shirin Daredevil aka ɗauko su, sai kaɗan daga takwarorinsa. Wanda bai kalla ba ya sani cewa amsoshin sun tona yadda labarin ya ƙare.

Wane shiri ne Daredevil, kuma me ya sa shi aka zaɓa?

Netflix ne ya saki zango na farko ranar 10 ga Afrilu, 2015, kashi 13 a lokaci guda. Zango na biyu ya biyo a 2016, na uku a Oktoban 2018. Jimilla kashi 39 ke nan, kowanne yana kusan awa ɗaya. Stan Lee da Bill Everett ne suka ƙirƙiro jarumin a 1964 cikin littattafan zane na kamfanin Marvel. Sunansa Matt Murdock, lauya ne makaho a unguwar Hell's Kitchen ta birnin New York a Amurka, da rana yana kare talakawa a kotu, da dare yana rufe fuska ya bi 'yan daba. Charlie Cox ne ya fito a matsayinsa. An ci gaba da labarin a Disney+ a 2025, amma a nan kashi 39 na asali kawai za mu tsaya a kai.

An zaɓe shi ne saboda baiwarsa taƙaitacciya ce. Yana jin bugun zuciyar mutum daga nesa, hancinsa da fatarsa suna gane abin da na kowa ba sa ganewa, amma ba ya tashi sama, wuƙa tana huda shi, harsashi yana kayar da shi. Sannan kowane zango akwai shugaban marubuta daban: Steven S. DeKnight a na farko, Doug Petrie da Marco Ramirez a na biyu, Erik Oleson a na uku. Wannan ya sa ana iya ganin inda ginin ya tsaya da inda ya yi rauni a cikin shiri guda.

Mutumin da ya fi kowa iya faɗa, ta yaya za a tausaya masa?

Wannan ita ce babbar matsalar duk wani labarin jarumi mai baiwa. Mai kallo ya riga ya san ba za a kashe wanda shirin ke ɗauke da sunansa ba, don haka tsoron mutuwarsa ba zai riƙe kowa ba. Abin da ya rage a nuna shi ne abin da nasarar ke ci masa.

Kashi na 2 na zango na farko shi ne darasin. An buɗe shi da Matt kwance cikin bola, jina-jina, ya faɗa tarkon 'yan dabar Rasha. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Claire Temple ce ta ɗauke shi, ta tarar haƙarƙarinsa sun karye, an soke shi da wuƙa, har sai da ta huda ƙirjinsa da allura don iskar da ta taru ta fita ya samu numfashi. Kusan duk kashin yana kwance ko yana dafa bango. Sai a ƙarshe aka kai shi wani siririn lungu a cikin gini inda aka ɓoye yaron da aka sace. Faɗan ya ɗauki kusan minti 3 ba tare da an ga yanka a hoton ba. Mutanen da ya kayar suna sake tashi, shi kuma yana jingina da bango yana haki, yana kai naushi yana faɗuwa tare da wanda ya nausa. Da ya isa ƙofar ɗakin yaron sai ya ɗage abin rufe fuskarsa don kada ya firgita shi.

Abubuwa uku ne suka yi aiki a nan, kuma a jere suke. Na ɗaya, an nuna raunin kafin faɗan, mai kallo ya san wane gefe ne ke ciwo. Na biyu, kyamara ba ta ɓoye gajiyar ba. Na uku, an rufe da wani ƙaramin aikin tausasawa wanda bai ƙara masa komai ba. Da an juya jerin, a fara da faɗan sannan a nuna jinya, da sai ya zama burgewa kawai. Kuskuren da ya fi yawa a irin waɗannan shirye-shirye shi ne a ji wa jarumi mummunan rauni a ƙarshen kashi, washegari a gan shi garau. Daga ranar mai kallo ya daina yarda da duk wani jini da aka nuna masa.

Tausayi da goyon baya ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Masanin finafinai Murray Smith, a littafin da ya wallafa a 1995, ya kasa dangantakar mai kallo da mutumin cikin fim gida uku. Da farko ka gane shi, ka iya bambanta shi da sauran. Daga nan a haɗa ka da shi, wato kyamara ta riƙa binsa, ka san abin da ya sani, ka gan shi lokacin da ba kowa a wurin. Sai na ƙarshe, ka yanke hukunci a ranka cewa kana tare da shi ko ba ka tare da shi.

Mataki na biyu yana hannun marubuci da darakta kacokan, lissafin mintuna ne: wa aka fi bi, wa aka shiga ɗakinsa. Mataki na uku kuwa ba a tilasta shi, daga ayyukan mutumin yake fitowa. Ana iya zama da mugu awa guda a san ciwonsa, a ji zafinsa, amma a ci gaba da fatan a kama shi. Marubucin da ya kasa raba biyun yakan ɗauka cewa idan ya nuna wahalar da mutum ya sha to ya wanke shi ke nan.

Me ya sa aka ɓoye Wilson Fisk, babban mugun shirin, har ƙarshen kashi na 3 na zango na farko?

Don a gina tsoronsa kafin a nuna fuskarsa, sannan fuskar ta saɓa wa tsoron. A kashi biyu da rabi na farko ba a ko ambatar sunansa, yaransa suna cewa "maigida" kawai. A kashi na 3 Matt ya matsa wa wani makashi har ya faɗi sunan, nan take mutumin ya kashe kansa saboda ya san abin da zai biyo baya. Mai kallo a lokacin yana jiran dodo. Abin da aka nuna masa shi ne wani ƙaton mutum tsaye shiru a gidan baje kolin zane, yana kallon wani zane fari fat, ya gaya wa matar da ke kula da wurin, Vanessa, cewa zanen yana sa shi jin kaɗaici.

A kashi na 4 ya gayyace ta cin abinci. Vincent D'Onofrio ya taka shi da in-ina, da sunkuyar da kai, da magana mai fitowa daƙyar kamar ta wanda bai saba hira ba. Har ya amsa mata cewa bai san komai game da abin shan da aka kawo ba, yaronsa Wesley ne ya zaɓa. Kana fara jin kunyarsa tare da shi sai wani ɗan dabar Rasha, Anatoly, ya kutso ya ɓata zaman. A daren Fisk ya sa kan Anatoly a bakin ƙofar mota ya yi ta bugawa har ya rabu da jikinsa. Dalilin ba kuɗi ba ne, ba mulki ba ne: an kunyata shi a gaban mace.

Jerin shi ne tsoro, sannan rauni, sannan ta'asa, duka cikin ƙasa da awa biyu na kallo. Ta'asar ta fito ne daga raunin da aka sa ka tausaya wa ɗazu, shi ya sa take girgiza mutum. Mun ga wannan ya fi duk wani faɗa a zangon ƙarfi. Da an fara da ƙofar motar, da an rufe ƙofar tausayi gaba ɗaya. Da kuma an tsaya a teburin cin abincin, da an yaudari mai kallo game da irin mutumin da yake hulɗa da shi.

Yaushe ya dace a yi waiwaye a nuna tarihin baya?

Bayan mai kallo ya riga ya fara tambayar kansa dalili. Idan aka ba da amsa kafin tambaya ta taso, bayani ne kawai, ba ya taɓa kowa.

Na Fisk sai a kashi na 8 aka kawo shi, bayan an ga kashe-kashensa. An fara da safiyarsa: ya farka a firgice, ya kalli farin zanen nan, ya soya ƙwai da kansa, ya zaɓi maɓallan hannun riga iri ɗaya da na kullum, ya duba madubi sai ga yaro jiƙe da jini. Daga nan aka koma yarintarsa. Mahaifinsa, Bill, ya ci bashin 'yan daba ya tsaya takarar kansila ya faɗi, ya riƙa huce haushi a kan iyalinsa. Wata rana ya sa yaron ya zauna ya fuskanci bango yana dukan mahaifiyar da bel, yaron ya ɗauki guduma ya kashe shi. Bangon nan fari ne mai kaushi, kamarsa ɗaya da zanen. Maɓallan kuma na mahaifin ne. Abubuwa biyu da aka shuka tun kashi na 3 da na 4 suka sami ma'ana a lokaci ɗaya, ba tare da wani ya tsaya ya yi jawabi ba.

Na Matt an kawo shi da wuri, a kashi na 1 da na 2, saboda shi ne za a yi tafiyar da shi. Yana ɗan shekara 9 ya ture wani tsoho daga gaban mota, sinadarin da ta ɗauko ya zuba masa a ido. Mahaifinsa Jack ɗan dambe ne da ake biya ya faɗi. An umarce shi ya faɗi a zagaye na 5, sai ya sa caca a kan kansa, ya shirya a ajiye wa ɗansa kuɗin, ya ci wasan, aka harbe shi. A lura cewa waiwayen bai tsaya ga nuna maraici ba. Ya nuna wani zaɓi, kuma zaɓi mai tabo: uban ya fifita ɗansa ya ji ana yi masa kirari sau ɗaya a kan ya rayu ya rene shi. Matt ya gaji wannan hali, shi ma yana barin masu ƙaunarsa don wani abin da yake gani ya fi girma.

Inda aka makara shi ne Karen Page, abokiyar aikin Matt a ofishinsa na lauya. Tun zango na farko ake nuni da cewa tana da wani sirri, amma sai a kashi na 10 na zango na uku, wato na 36 cikin 39, aka nuna cewa ita ke tuƙi cikin maye a haɗarin da ya kashe ƙanenta Kevin. Kashin yana da kyau a kan kansa, sai dai ya tsayar da labarin a daidai lokacin da ake farautarta, kuma saura kashi 3 kacal a ci moriyar abin da aka sani.

Makantarsa ba ita ce ke jawo masa tausayi ba?

Kaɗan ne, kuma gara da aka yi haka. Shirin bai taɓa roƙon a ji ƙansa don ba ya gani ba. Abin da makantar ta haifar a labarin shi ne ƙarya: kullum yana riƙe sanda yana laluben hanya a gaban aminansa alhali ya san inda komai yake. Ya kuma san duk lokacin da suka yi masa ƙarya, su ba su san nasa ba. Charlie Cox ya yi aiki da wani makaho mai ba da shawara, Joe Strechay, don ya koyi riƙon sanda da yadda ake gudanar da ayyukan gida. Netflix kuma sai da ya ƙara muryar da ke bayyana wa makafi abin da ke faruwa a hoto 'yan kwanaki bayan fitowar shirin, bayan masu kallo sun yi ƙorafi.

Mene ne amfanin abokan jarumi, ban da a sace su ya je ceto?

Su ne ma'aunin abin da yake asara, kuma su ne ke faɗa masa abin da mai kallo ke son faɗa. Akwai kuma dalili na aiki: jarumin da ya rufe fuska ya rasa idanunsa, waɗanda da su ɗan wasa ke isar da yawancin abin da ke ransa. Dole a samar masa wuraren da zai zauna fuska buɗe da mutumin da zai iya yi wa magana.

Matt yana da uku, kowa da aikinsa. Claire tana ganin jikinsa, ita ke ɗinke shi, ita ce kuma ta fara gaya masa cewa tana tsoron yana jin daɗin dukan mutane. Fada Lantom, limamin cocin Katolika, yana jin abin da ke damun imaninsa. Tun farkon kashi na 1 Matt ya je wurinsa neman gafarar abin da bai riga ya aikata ba. Sai Foggy Nelson, abokin karatunsa kuma abokin aikinsa, wanda bai san komai ba.

Babban ɓangaren kashi na 10 na zango na farko a falo ɗaya aka yi shi. Foggy ya tarar da Matt a sume cikin baƙaƙen kayan da yake fita da su da dare, ya gane komai. Matt yana kwance ba ya iya tashi, Foggy yana tsaye yana jero tambayoyi: tun yaushe, me kake iya ji, duk lokacin da na jagorance ka a titi wasa kake yi da ni? Ana yanka rigimar da waiwayen ranar da suka haɗu a jami'a da ranar da suka ƙi aikin babban kamfani don su buɗe nasu ofishin. Marubutan sun bar Foggy ya yi gaskiya, ba su ba Matt amsar da za ta wanke shi ba, kuma kashin ya ƙare ba a shirya ba. Matt ya fi shiga rai a wannan kashi da ba shi da hujja fiye da kashin da ya yi nasara.

Jarumin da ya ce ba ya kisa, ba ya gundurar masu kallo?

Yana gundura idan ƙa'idar ba ta ci masa komai. Dole a kawo wanda zai ƙalubalance ta da hujja mai nauyi. A zango na biyu an kawo Frank Castle, tsohon soja da ke kashe masu laifi tun da aka kashe matarsa da 'ya'yansa biyu, wanda Jon Bernthal ya taka. A kashi na 3 ya ɗaure Matt da sarƙa a saman bene, suka shafe yawancin kashin suna muhawara. Frank ya ce waɗanda Matt ke duka suna warkewa su koma aikinsu, nasa kuwa ba sa tashi. Matt ya ce ba wanda ke da ikon yanke wa mutum damar tuba. Daga nan Frank ya liƙa masa bindiga a hannu, ya kawo wani ɗan daba da ya amsa laifin kisa, ya ce ko ya harbe shi Frank ɗin ko ya kalli ana kashe mutumin. Matt ya harbi sarƙar, mutumin kuma ya mutu duk da haka.

A kashi na 4 aka juya. Frank, a raunane a maƙabarta, ya ba da labarin ranar da ya dawo daga yaƙi, 'yarsa ta roƙe shi ya karanta mata littafi kafin ta yi barci, ya ce ya gaji sai gobe. Washegari aka kashe ta. Ba a yi waiwaye ba, ba a nuna hoton yarinyar ba, fuskarsa kawai na tsawon mintuna. An riga an nuna gawarwakin da ya bari a kashi uku da suka wuce, shi ya sa jawabin bai zama neman uzuri ba.

Ana iya wuce gona da iri wajen sa a tausaya wa mugu?

Ƙwarai, kuma maganinsa ɗaya ne: duk lokacin da aka buɗe ciwon mugu, a biyo da wanda ya cutar, mai suna da fuska. Kashi ɗaya bayan yarintar Fisk, ya sa an kashe Elena Cardenas, wata tsohuwa 'yar haya da ta ƙi tashi daga gidanta, don kawai ya jawo Matt cikin tarko. A kashi na 12 ya shaƙe ɗan jarida Ben Urich da hannunsa, mutumin da aka sha nuna shi a gefen gadon matarsa mara lafiya.

Jessica Jones, wanda ya fito a 2015, ya bi wata hanyar. An nuna bidiyon gwaje-gwajen da iyayen Kilgrave, mugun shirin, suka yi masa yana yaro, shi kuma ya riƙe shi a matsayin hujja. Jessica ta kira abin da ya yi mata da sunansa, fyaɗe, kuma shirin bai janye daga bayanta ba. The Penguin na 2024, mai kashi 8, ya bar mai kallo ya saba da Oz, mai ɗingishi, mai kula da mahaifiyarsa mara lafiya, sai a kashi na 7 aka nuna shi ne ya kulle 'yan'uwansa biyu a ramin ruwa suna yara har suka nutse, a na 8 kuma ya shaƙe yaron da ya fi kowa yi masa biyayya.

Inda aka gaza, a ganinmu, shi ne ƙarshen WandaVision na 2021. An ware kashi na 8 cur don rashe-rashen da Wanda, jarumar shirin, ta yi, amma mutanen garin da ta tsare cikin azaba 'yan mintuna suka samu, ta tafi ba wanda ya tuhume ta. Ma'aunin ya karkata gefe ɗaya.

Ta yaya ake gane cewa mutum ya sauya a tsawon zango, ba faɗa kawai aka yi ba?

A sa shi gaban zaɓi iri ɗaya sau biyu ko uku, a wurare masu nisa da juna, a ga ko amsarsa ta canza. Mafi tsaftar misali shi ne Ray Nadeem a zango na uku, jami'in FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, da ba shi da wata baiwa. A kashi na 1 an nuna bashi ya yi masa katutu saboda ya biya kuɗin jinyar matar ɗan'uwansa, kuma bashin ne ya hana a ƙara masa girma. Da Fisk ya yi tayin ba da bayanai daga kurkuku, Ray ya ga mafita, ya tsaya tsayin daka har aka mayar da Fisk wani katafaren masauki. A tsakiya ya gane an yi amfani da shi, aka tsorata shi da iyalinsa, ya yi shiru ya bi umarni. A kashi na 12 ya ba da shaida, shaidar ta rushe, sai ya ɗauki bidiyon bayaninsa ya koma gida ya jira wanda zai zo kashe shi. Zaɓin ɗaya ne duk sau ukun, tsakanin kwanciyar hankalin gidansa da gaskiya.

Akasin haka ya faru a rabi na biyu na zango na biyu, da labarin ya koma kan wata ƙungiyar asiri mai mayaƙa rufaffun fuska. Ba su da suna, ba su da buƙatar da mai kallo zai gane, ana kashe su wasu na fitowa. Faɗan ya yawaita, amma ba ya tilasta wa Matt wani zaɓi. Kashi 13 dogon zango ne, kuma tsakiyarsa ce ke fara lotsawa idan ba a tanadi wata babbar tonuwar asiri ko ɓaraka tsakanin aminai a wajen kashi na 8 zuwa na 10 ba.

Mai rubuta fim mai dogon zango na Hausa, wanda ba shi da kuɗin faɗa da dabarun kwamfuta, me zai ɗauka?

Yawancin fitowar da aka ambata a sama ba su buƙatar kuɗi: falo ɗaya, saman bene, teburin cin abinci, maƙabarta. Kafin a fara rubuta kashi na 1, a ɗauki takarda ɗaya ga kowane babban mutum a labarin a rubuta abu huɗu: abin da yake nema, abin da ya rantse ba zai taɓa yi ba, mutum ɗaya da yake jin kunyar ya gan shi a ƙasƙance, da kashin da za a tilasta masa zaɓa tsakanin na farko da na biyu. A ba mugu aƙalla fitowa ɗaya shi kaɗai yana wani aikin yau da kullum. A shuka wani abu da ake gani, zobe ko hoto ko tabo, aƙalla kashi 3 kafin a bayyana ma'anarsa. A riƙe jadawalin raunuka da sirrika: wa ya ji ciwo a ina, wa ya san me, tun wane kashi. Shirin da ake saki mako-mako ya fi buƙatar wannan, domin masu kallo suna da kwana 7 na tattauna duk wani saɓani. Kiɗan baƙin ciki kuma a jinkirta shi har ɗan wasa ya gama aikinsa, idan ya riga shi shigowa mai kallo yakan ji ana tura shi.

A ƙarshe Matt bai kashe Fisk ba. An gina wannan, ko tsoron marubuta ne?

An gina shi, tun daga kashi na 1 na zango na uku. An fara da Matt a ɗakin ƙasa na coci, kunnensa ɗaya ya toshe, ya yi fushi da Ubangijinsa, ya bar aminansa suna zaton ya mutu. Bai sa jajayen kayansa na Daredevil ba ko sau ɗaya a zangon, wani ne ya sa su yana kisa da sunansa. Ya bi hanyar shari'a ta hannun Foggy da Ray, Fisk ya tsorata masu yanke hukuncin. Ya rasa Fada Lantom. Ya gano cewa Sista Maggie da ke jinyarsa mahaifiyarsa ce da ta bar shi yana jariri. Duk wata hujja ta kisa an tara masa ita, har mai kallo da kansa ya fara so ya yi.

A kashi na 13 Matt ya durƙusar da Fisk, ya riƙe kansa da hannu biyu, Fisk yana cewa ya ƙarasa. Ya ƙi, yana kuka da ihu, domin ya gane kisan shi ne abu na ƙarshe da Fisk zai iya ƙwace masa. Amma marubutan ba su bar shi da tsarki ba. Ya san Vanessa ce ta ba da umarnin kashe Ray, sai ya yi ciniki da wannan: Fisk ya koma kurkuku ya bar Karen da Foggy, shi kuma ba zai tona ta ba. Wato ya sayi tsaron aminansa da haƙƙin mutumin da ya ba da ransa don shaida, kuma matar Ray da ɗansa ba su san an yi cinikin ba.